Zuwa Ga Ministan Tsaro: Ɗan Bindiga Bai San Iyakar Kano Da Katsina Ba

Mai girma Ministan Tsaro, Janar Christopher Musa mai ritaya,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya taya ka riƙon wannan nauyi da aka ɗora maka a watan Disambar 2025.

Ni manomi ne daga ƙasar Tsanyawa ta jihar Kano, na koyar a makarantar firamare har na ajiye aiki. Na zaɓi in rubuto maka a fili ne domin maganar da zan yi ita ce ake yi a kowane dandali na ƙauyukanmu bayan sallar isha'i, a wuraren da har yanzu mutane ke iya zama bayan isha'in. Maganar kuwa ita ce: yadda ake tafiyar da yaƙi da 'yan bindiga a Arewa maso Yamma yana matsar da su ne daga wuri zuwa wuri, ba ya rage su. Yau matsawar ta iso ƙofar gidajenmu, kuma idan aka ci gaba a haka, gobe Kazaure da Roni da Gwiwa na jihar Jigawa ne za su karɓa.

Kano ta ɗanɗana ta'addanci a baya. Ba mu manta da ranar 20 ga Janairun 2012 ba, ba mu manta da harin babban masallacin Juma'a na ranar 28 ga Nuwamban 2014 ba. Amma waɗannan a birni aka yi su. Galibin karkarar Kano ta zauna lafiya, har ta zama wurin da mutanen Zamfara da yammacin Katsina ke gudowa su sami inda za su sa haƙarƙarinsu. A ƙarshen 2025 labari ya sauya. Aka fara jin sunayen Faruruwa a Shanono, da Biresawa da Yankamaye a Tsanyawa a gidajen rediyo, ba don amfanin gona ba, sai don an shiga da dare an kwashi mata, an kore shanu. A farkon Nuwamba rundunar soja ta sanar da cewa ta kashe 'yan bindiga 19 a Shanono, ita kuma ta rasa sojoji biyu da ɗan sa-kai guda. Waɗannan bayin Allah sun mutu ne a kan tsare mu. Allah Ya jiƙansu, Ya dubi abin da suka bari. Duk abin da zan faɗa a nan, ban faɗe shi don raina jininsu ba.

Tambayar da ya kamata a tsaya a kanta ita ce, me ya sa yanzu? Mutanen da suka shekara goma suna ɓarna a dajin Rugu ba su taɓa rasa sanin hanyar Kano ba. Abin da ya canja shi ne, a cikin 2025 ƙananan hukumomin Katsina da dama, irin su Jibiya da Batsari da Ɗanmusa da Faskari, sun zauna zaman sulhu da 'yan bindigar yankunansu. Ban ga laifin talakawan can ba. Mutumin da ya binne 'ya'yansa, ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa, ya shekara bai yi noma ba, idan aka ce masa ga hanyar da zai kwana da ido biyu a rufe, ba mai hankalin da zai ce masa kada ya bi. Amma duk mun ga hotunan waɗannan taruka. Mutanen sun zo rataye da bindigoginsu, da jigidar harsashi a ƙirji, aka yi jawabi, aka yi addu'a, suka hau baburansu suka koma da kayansu yadda suka zo da su.

To, ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa jagoran daba yana da yaran da zai ciyar. Yana sayen fetur, yana sayen harsashi, yana sayen ƙwaya. Alƙawarin da ya ɗauka shi ne ba zai taɓa mutanen wannan ƙaramar hukuma ba. Bai ɗauki alƙawarin daina sana'ar ba, ba a kuma karɓi abin yin sana'ar daga hannunsa ba. Saura me? Sai ya ratsa ta ƙasar da ya yi sulhu da ita, inda yanzu ba mai tare shi, ya tsallako wurin da ba shi da alƙawari da kowa, ya yi abin da zai yi, kafin asuba ya koma inda sulhu ya ba shi inuwa. Manoman fadamar Haɗeja sun san wannan a kan tsuntsun jan-baki: ka kaɗa gwangwani ka kore shi daga shinkafarka, a ta maƙwabcinka zai sauka, kuma ba a taɓa gamawa da shi sai an haɗu an bi shi makwancinsa.

Ba yau aka fara gwada sulhu irin wannan ba. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi shi a 2019, da kansa ya shiga daji ya zauna da su, a 2020 kuma ya fito ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, ya miƙa makamai a Gusau a Fabrairun 2021 ya rantse ya tuba, bai cika wata uku ba ya koma daji, a can aka kashe shi. Ni ban ce kada a taɓa yin magana da kowa ba, domin akwai waɗanda zalunci ne ya tura su daji kuma za su fito idan sun ga ƙofa. Abin da nake roƙo shi ne Gwamnatin Tarayya ta daina zama 'yar kallo a wannan al'amari. Makami ba hurumin shugaban ƙaramar hukuma ba ne, hurumin tarayya ne. Duk sulhun da za a yi, a sa masa sharaɗin ajiye bindiga a gaban jami'an tsaro, a kuma rubuta a ciki cewa hari a kan maƙwabta, ko a wace jiha suke, ya warware shi. Kuma a kira maƙwabtan su zauna a wurin. Ba a yi mana adalci ba idan aka yanke shawarar da za ta hana mu barci, mu kuwa sai a rediyo muka ji ta.

Akwai wani abu da kai, a matsayinka na tsohon Babban Hafsan Tsaro, za ka gane shi nan take. Sojojin da ke kula da Kano na Birged ta 3 ne, ƙarƙashin Runduna ta 1 da ke Kaduna. Na Katsina kuwa Birged ta 17 ce, ƙarƙashin Runduna ta 8 da ke Sakkwato. 'Yan sanda ma kowace jiha da kwamishinanta. Wato layin da ya raba gonata da ta ɗan'uwana na ɓangaren Katsina, wanda ba ya wuce kunya ɗaya ko wata 'yar ƙorama, shi ne kuma ya raba manyan rundunoni biyu masu hedikwata a garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomita. Masu zuwa mana da dare sun san wannan gaɓa, kuma a kanta suke tafiya. An kafa rundunar Fansan Yamma don a haɗa aikin yankin wuri guda, wannan tunani ne mai kyau. Muna so mu ga amfaninsa a ƙasa: kwamanda ɗaya da zai riƙe wannan ɗamara tun daga Rogo da Ƙaraye, ta Gwarzo da Shanono da Tsanyawa har Ghari, haɗe da ƙananan hukumomin Katsina da ke fuskantarsu, mai ikon bin sawu duk inda sawun ya nufa ba tare da jiran izini daga wani gari ba.

Bari in gaya maka yadda yammaci yake a wurinmu yanzu. Da la'asar sakaliya za ka ga mata da yara a kan babura da a-kori-kura, da ƙullin kaya da tabarmi, za su kwana wurin dangi a gari mai ɗan girma, da safe su dawo. Shanun noma da a da ake ɗaure su a bayan gida, yanzu a tsakar gida suke kwana, wasu kuma sun sayar da nasu da arha don gudun a kore su a banza. Maza su kasu, wasu a bakin hanyar shigowa, wasu a kan soro, da tocila da bindigar toka, alhali wanda ake jira ɗin AK-47 ce a hannunsa. Ƙarar babur da dare, wadda a da ba mai ɗaga kai saboda ita, yanzu tana sa tsohuwa ta faɗi tana neman hanyar gona. A kakar da ta wuce na ga dawa ta bushe a tsaye a gonakin da ke nesa da gari, masu ita suna kallo ba su da zuciyar zuwa yanka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau da yawa ana sanin za su zo. Baburan da ke ɗauke da mutum uku-uku ba sa tashi sama, ta gefen gonakin mutane da rugage suke wucewa. Mai sayar da fetur a jarka ya san ranar da baƙuwar fuska ta saye masa kaya kaf. Mai shayi ya san wanda ya zo ya kwashe burodin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka sukan bugo waya su ce ga su nan sun wuce, ku yi hattara. Labari yana nan jibge a ƙauye. Abin da babu shi ne wanda za a gaya wa a kwana lafiya, da kuma wanda zai zo a kan lokaci. Na san wani bawan Allah a wani ƙauye kusa da mu da ya kai rahoton wani da ake zargi infoma ne. Aka kama mutumin, ba a daɗe ba aka sake shi, ya dawo gari ya san sunan wanda ya kai shi. Yau mai rahoton ya kwashe iyalinsa ya bar gidan da aka haife shi. Duk wanda ya ga haka a garin ya koyi yin shiru, kuma babu jirgin leƙen asirin da zai maye gurbin bakin da aka rufe ta wannan hanya. A samar da layin kai rahoto da ba ya bi ta hannu da yawa, a hukunta jami'in da ya fallasa mai rahoto hukuncin da za a ji labarinsa, a kuma matsa wa kamfanonin waya su gyara sabis a ƙauyukan iyaka, domin akwai inda sai mutum ya hau tudu kafin kira ya shiga.

Game da saurin zuwa, mun ga abin da sojojin Nijeriya za su iya. Ranar 7 ga Disambar 2025 wasu sojoji suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Patrice Talon a Jamhuriyar Benin, kuma a ranar nan jiragen yaƙinmu suka isa Kwatano. Mun yi alfahari da hakan. Irin wannan azama muke roƙo a yi wa ƙauyen da ya buga waya da ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ba sai jirgi ba. Ƙananan sansanoni na dindindin a mashigan da kowa ya sani, da sojoji a kan babura masu iya bin burtali da hanyar gona inda mota ba ta shiga, sun fi mana ayarin motocin da zai zo bayan an gama, ya kwana biyu ya tafi. Kano tana da misali a gida: dajin Falgore ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, da aka kafa wurin horar da sojoji a cikinsa a zamanin Gwamna Ganduje, aka zauna a ciki ba a tashi ba, mutanen Doguwa da Tudun Wada sun ga bambanci.

Yanzu bari in juya arewa, domin tsaron Kano da Jigawa ba ya cika sai an haɗa da Nijar. Jigawa na cikin jihohin da suka fi zaman lafiya a Arewa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne bayanta jihar Damagaram ce, wadda ba ta shiga irin halin da Tillaberi ko Diffa suka shiga ba. Wannan kariya ce da ba mu muka gina ta ba, kuma ba mu da tabbacin za ta dawwama. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kawar da Mohamed Bazoum, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami. ECOWAS ta yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Sai da Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da amfani da ƙarfi, malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga zuwa Yamai, kafin hankali ya kwanta. An buɗe iyaka a Maris na 2024, amma abin da ya fashe bai gama ɗinkewa ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025 sun riƙe ƙawancensu na ƙasashen Sahel, wato AES. A Maris na 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi. Sojojin Faransa sun fita a ƙarshen 2023, na Amurka sun bar sansanin Agadas a 2024. Ko mutum yana murna da tafiyarsu ko ba ya yi, idon da ke kallon hamada ya ragu, kuma ba a maye gurbinsa da haɗin kan maƙwabta ba. A cikin wannan giɓi ne sunan Lakurawa ya fito fili a Tangaza da Gudu da arewacin Kebbi a ƙarshen 2024, mutanen da ba kuɗin fansa kaɗai suke nema ba, suna karɓar zakka da ƙarfi suna kafa dokokinsu. A 2025 kuma ƙungiyar JNIM ta masu iƙirarin jihadi a Sahel ta yi iƙirarin kai hari a jihar Kwara. Barazanar ta sauya kama. Ɓarawon shanu na jiya yana iya zama sojan wata aƙida gobe, idan mai aƙidar ya riga gwamnati isa wurinsa.

Na san ka san muhimmancin Nijar, domin kai da kanka ka je Yamai a Agustan 2024 ka gana da takwaranka na wancan lokaci, babban hafsan sojojin Nijar Janar Moussa Salaou Barmou, a lokacin da 'yan siyasa ke jifan juna da magana. Shi ya sa nake so in yi maka magana a kan shawarar da ka bayar a 2025, ta a katange iyakokin Nijeriya kamar yadda Pakistan da Saudiyya suka yi. Na fahimci damuwar da ta sa ka faɗi haka, amma ina roƙonka ka sake dubawa. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500. Turawan Ingila da Faransa ne suka ja ta a farkon ƙarni na 20, ta ratsa tsakiyar ƙasar Katsina da Gobir da Daura, ta raba wa da ƙane. Mutumin Ɓaɓura yana da suruki a Magarya. Ka je Maigatari ranar Alhamis ka ga shanu da raƙuma da tumakin da ke shigowa daga Nijar, ka ga hatsi da kayan masarufin da ke fita, sannan ka ƙiyasta bakin da ke ci daga wannan kasuwa har zuwa Wudil da Legas. Mun riga mun ga gwajin rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Mai jaki da buhu biyu ya sha wuya, 'yan fasa-ƙwauri suka buɗe sababbin hanyoyi a daji, kuma a cikin wannan rufewar ce aka kwashe yaran Ƙanƙara. Gwamnatin da ke shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta riga ta yarda cewa arzikin yankin nan a haɗe yake.

Kuɗin da waya da siminti za su ci, a sa shi a sintirin haɗin gwiwa da sojojin Nijar, da musayar bayanai tsakanin jami'an da ke fuskantar juna a kan iyaka, da yarjejeniyar bin sawun ɓarawo idan ya tsallaka. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar tun 1971, a farfaɗo da ita. A 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zauna da gwamnan Maraɗi a kan wannan matsala, a mayar da irin wannan zama na yau da kullum, a sa Jigawa da Damagaram a ciki tun kafin wuta ta kama can. Sarakunan Gumel da Kazaure da Daura suna da zumunci da Sarkin Damagaram wanda ya girmi ƙasashen biyu. Ba sai mun yarda da mulkin soja a Yamai ba kafin mu yi aiki da wanda ke tsaron ɗaya gefen gonarmu.

A kan jiragen yaƙi, magana ɗaya zan yi. Mutanen karkara ba su manta da Tudun Biri ba, inda jirgi marar matuƙi ya hallaka masu Mauludi aƙalla 85 a ranar 3 ga Disambar 2023. Bayan harin da Amurka ta kai a jihar Sakkwato ranar 25 ga Disambar 2025, tsoron abin da ke faɗowa daga sama ya ƙaru. Idan za a kawo wannan ƙarfi yankinmu, inda ƙauye ke manne da ƙauye kuma babu wani babban daji, a tabbatar akwai idon ɗan ƙasa a ƙasa kafin a saki komai, kuma hukuncin sakin ya kasance a hannun Nijeriya.

Sai maganar da wasu mutanena ba za su so in yi ba. Jihohi suna ta kafa rundunoninsu: Katsina ta kafa tata a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024, Kano ma ta kafa tata. Muna bukatarsu, domin su suka san hanya. Amma duk wanda ya bibiyi yadda wutar Zamfara ta ruru ya san rawar da 'yan sa-kai marasa linzami suka taka, lokacin da aka riƙa kama Bafulatani a kasuwa a kashe shi ba shari'a, danginsa kuma suka shiga daji neman fansa. Fulanin da ke zaune a gefen ƙauyukanmu tare muka tashi, matansu ne ke kawo mana nono, shanunsu ne ke taka mana gona bayan girbi su bar mana taki, kuma su ne farkon waɗanda ake kore wa dukiya. Na fara jin maganganu a bakin matasa da ba su yi mini daɗi ba. Idan aka bari fushi ya sa aka far musu, za mu ba 'yan bindiga abin da ba su da shi a Kano yanzu, wato mutanen gida masu jin an zalunce su. Duk ɗan sa-kai ya kasance da rajista, da albashi, da jami'in da zai amsa tambaya a kansa, kuma a ɗauki 'ya'yan Fulani a ciki. Wanda aka kama a kai shi kotu, kotun kuma ta yi aikinta a ga ƙarshensa.

Ranka ya daɗe, lokacin da ya rage gajere ne. Manomi yana yanke shawarar gonar da zai share da wadda zai bari tun kafin ruwan farko, kuma abin da aka bari a Shanono da Tsanyawa da Bagwai za a ji shi a farashin buhu a Dawanau. Ina roƙonka, kafin damina ta faɗi, ka kira zama ɗaya a nan kan iyaka, ba a Abuja ba, wanda zai haɗa gwamnonin Kano da Katsina da Jigawa, da kwamandojin ɓangarorin biyu, da hakimai da dagatai da arɗo-arɗo na ƙauyukan da abin ya shafa. A fito daga zaman da sunan kwamandan da ke da alhakin wannan yanki, da wuraren da za a kafa sansani, da matsayin gwamnati a rubuce a kan kowane sulhu da aka riga aka ƙulla a maƙwabtanmu.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare sojojinmu da ke kwana a daji.

Naka cikin girmamawa,
Wani manomi kuma tsohon malamin makaranta,
daga ƙasar Tsanyawa, jihar Kano.